Yadda Ake Kai Ziyara Tafkin Teku da ke Kusa da Ƙauyen Tsibiri

Tun da na ba da labarin 'yan kwanakin da na yi a wani ƙaramin tsibiri, tambayoyin da ke zuwa mini kusan iri ɗaya ne: ta ina ake farawa, me ake ɗauka, ina kuɗi ke tafiya, kuma wa ake tambaya kafin a shiga ruwa. Yawancin masu tambayar hoto suka gani, farin yashi da ruwa garai-garai ba kowa a kai, sai suka ɗauka wurin ba shi da mai shi kuma kullum haka yake a kwance. Abu biyu ne ke riƙe da akalar wannan tafiya, wato mutanen ƙauyen da bakin tekun yake hannunsu, da kuma cikar teku da janyewarta, kuma duk matakan da ke ƙasa a kan su biyun aka jera su.

Abin da nake kira tafkin teku shi ne ruwa marar zurfi da ke tsakanin gaɓar tsibiri da wata katangar murjani da ta kewaye shi. Manyan igiyoyi suna fashewa a jikin katangar daga waje, ciki kuma ruwan ya kwanta lumui. A jikin katangar akwai kafofi da ruwa ke shiga da fita ta cikinsu, waɗanda zan riƙa kira ƙofa. A riƙe wannan kalma, domin za ta dawo a mataki na 9.

1. Zaɓen wuri da wata

Ka fara da watan da za ka samu hutu, sannan ka zaɓi wurin da watan ya dace da shi. Mutane da yawa suna yin akasin haka, su ƙallafa rai a kan tsibiri guda, su je a lokacin da teku ba ta karɓar baƙi. A kudancin tekun Fasifik, inda Fiji da Samowa da Banuwatu da Tonga suke, lokacin mahaukaciyar guguwa daga Nuwamba ne zuwa Afrilu. A yankin Karibiyan daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. A tsibiran Maldibs da ke tekun Indiya an fi samun rana da kwanciyar ruwa daga Disamba zuwa Afrilu, a Zanzibar kuwa ruwan sama mai yawa yana sauka daga Maris zuwa Mayu.

Ka tambayi ɓangaren da iska ke bugowa a watan da za ka je, domin tsibiri ɗaya yakan zama gefe guda lafiya lau, ɗaya gefen kuma cike da ciyawar teku da iska ta koro.

Gargaɗi: kada ka sa ranar dawowa daga tsibirin ta zama ranar tashin jirginka na komawa gida. Ka bar aƙalla kwana biyu a tsakani. Kwalekwale ba ya fita in teku ta ƙi, kuma ba wanda zai biya ka tikitin da ka rasa.

2. Takardu da lafiya

Ƙasashe da yawa ba sa barin baƙo ya shiga sai fasfonsa yana da sauran wata shida, kuma sukan nemi ganin tikitin fita. Wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar shawara, ko ya daɗe a filin jirginta, ana iya neman katin rigakafi a hannunsa. Katin yana fara aiki ne kwana 10 bayan allurar, saboda haka ba abin da ake bari sai makon tafiya ba ne.

Ka ga likita wata guda kafin tashi, ka faɗa masa sunan tsibirin, kada ka tsaya a sunan yanki. Akwai zazzaɓin cizon sauro a Tsibiran Solomon da Fafuwa Niyu Gini da wasu sassan Banuwatu, babu shi a Fiji da Samowa da Maldibs, amma zazzaɓin dengi yana yawo a yawancin tsibiran wurare masu zafi, kuma sauron da ke kawo shi da rana yake cizo. Inshorar tafiya kuma ka karanta ta da kanka, ka tabbatar ta ƙunshi ɗauko marar lafiya daga wuri mai nisa, domin wannan shi ne kuɗin da ke karya mutum in abu ya faru.

3. Nemo mai masauki kafin ka tashi

Wannan matakin shi ne ginshiƙin sauran. Kana buƙatar mutum ɗaya ɗan ƙauyen, ko wanda ƙauyen suka sani suka yarda da shi, wanda zai san ranar zuwanka, ya shaida wa shugabannin gari, ya tsaya maka a matsayin baƙonsa. Ana samun sa ta ofishin yawon buɗe ido na ƙasar, ko ta ƙananan masaukan da iyalai ke gudanarwa, ko ta matuƙan kwalekwalen da ke jigila zuwa can.

Dalilin ba ladabi kaɗai ba ne, akwai maganar mallaka. A Banuwatu tsarin mulkin 1980 ya mayar da dukkan ƙasa hannun masu ita na gado. A Fiji da Samowa kashi 80 cikin 100 na ƙasa ko fiye na dangi ne da ƙauyuka. Hanyar da za ka bi zuwa bakin ruwa, da inuwar da za ka zauna, da kwakwar da ta faɗo kusa da kai, duk suna da masu su, ko da ba ka ga shinge ko allo ba.

Tambayoyin da za ka yi masa tun kana gida su ne waɗannan: wace rana ce ba a karɓar baƙi, wace irin gaisuwa ake kai wa shugaban gari, wa ake biya kuɗin shiga, akwai ruwan sha, akwai sabis na waya kuma na wane kamfani, ina ne asibiti mafi kusa kuma awa nawa ne a ruwa. Maganar rana tana da muhimmanci. A Tonga ranar Lahadi kusan komai yana tsayawa har da tashin jirage, kuma a ƙauyukan Fiji da Samowa ranar ta ibada ce da hutu. A Maldibs yawancin jiragen fito na gwamnati ba sa aiki ranar Juma'a.

4. Lissafin kuɗi

Ba zan ba da adadi ba, domin kowace ƙasa da kuɗinta, amma wuraren da kuɗin ke tafiya ba sa canzawa. Mafi tsada bayan tikitin jirgi shi ne kwalekwale, saboda man inji yana ƙara tsada gwargwadon nisan tsibiri daga babban gari, kuma in shata ka ɗauka har da man dawowar matuƙi kake biya. Sai kuɗin shiga bakin teku da ake ba ƙauye ko iyalin da ke da wurin, sai gaisuwar shugaban gari, sai masauki da abinci, sai ladan ɗan rakiya, sannan a wasu wurare akwai harajin kare muhalli da hukuma ke karɓa dabam. A kan jimillar ka ƙara kuɗin kwana biyu da ba ka shirya yi ba.

Ka ciri tsabar kuɗin ƙasar tun a babban gari, ka sa a canza maka su zuwa ƙananan takardu. A ƙauye babu na'urar cirar kuɗi, kuma babbar takarda guda tana iya gagarar canji a duk garin.

Gargaɗi: ka daidaita da matuƙi kafin ka sa ƙafa a kwalekwale, a bayyana ko kuɗin na mutum ɗaya ne ko na jirgin duka, na zuwa kaɗai ne ko har da dawowa, da mai ko ba mai. Ka biya rabi a zuwa, rabi bayan an dawo da kai. Kuɗin shiga na ƙauye kuwa ba a cinikinsa. Galibi taron gari ne ya yanke shi, kuma wanda ke karɓa ba shi da ikon ragewa, neman ragi kunya kawai zai jawo wa mai masaukinka.

5. Haɗa kaya

Jaka mai laushi ta fi akwati mai taya, domin babu inda za ka gungura shi, kuma ƙananan jiragen sama da ke zuwa tsibirai suna da tsauri a kan nauyi. Fasfo da waya da kuɗi da magani su shiga jaka mai hana ruwa shiga, wadda ba za ta rabu da jikinka ba.

Abin da na fi nanatawa shi ne takalmin shiga ruwa mai kaurin tafi. Silifa ba ta wadatar, ruwa yana cire ta a taku na uku. Sai riga mai dogon hannu ta ninkaya, wadda ke kare fata daga rana da harbin halittun ruwa, kuma ta raba ka da matsalar sutura a gaban mutanen gari. Sai zane ko gyale mai faɗi da za a ɗaura a rufe gwiwa, mace da namiji. Sai hula mai faɗin baki, da tabarau na kallon ƙarƙashin ruwa da bututun numfashinsa, da tocila, da ma'ajin cajin waya, da gidan sauro, da maganin shafawa na korar sauro, da ƙwayar tace ruwa, da buhun da za ka dawo da shararka. A akwatin magani a samu bandeji, da maganin wanke rauni, da hantsaki, da gishirin haɗi na maganin gudawa, da ƙaramar kwalbar ruwan khal, wato binega. Ka sauke taswirar wurin a wayarka tun kana da intanet.

Man kare fata daga rana kuma ka duba abin da aka haɗa shi da shi. Ƙasar Falawu ta haramta nau'o'in da ke cutar da murjani tun Janairun 2020, Hawayi ma ta hana sayar da masu sinadaran oxybenzone da octinoxate daga 2021.

6. Karanta jadawalin cikar teku

A yawancin gaɓoɓi teku tana cika sau biyu tana janyewa sau biyu a cikin awa 24 da minti 50. Tsakanin cika da janyewa akwai awa shida da 'yan mintoci, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50. Ma'ana, in yau ta cika da ƙarfe tara na safe, jibi sai wajen sha ɗaya saura. Wata ne ke jan ragamar abin: a tsayuwar sabon wata da kuma daren sha huɗu, cikar tana kai maƙura, janyewar ma haka, a tsakaninsu kuma bambancin yana raguwa. Wanda ya saba lissafin kwanan wata ya riga ya samu rabin karatun.

Girman bambancin ya danganta da wuri. A Tahiti da yawancin Karibiyan bai taka kara ya karya ba. A gabashin Zanzibar kuwa yakan kai kusan mita 4, har tafkin ya koma fili, mata su shiga gonakinsu na ciyawar teku da ƙafa, ruwan ninkaya ya yi nisan da sai an hango shi.

Ni kaina a nan na fara cin karo. Na matsa wa matuƙi mu tashi da hantsi saboda ina son in karya kumallo a natse, shi kuwa tun asuba yake cewa mu tafi. Bai yi gardama ba. Da muka iso ƙofar tafkin ruwa ya riga ya janye, ya ɗaga injin sama ya ce daga nan sai ƙafa. Na ɗora jaka a ka, na yi ta taka ɓaraguzan murjani cikin ruwa iya ƙauri, rana tsaka, ƙauyen yana gabana kamar in miƙa hannu amma ya ƙi matsowa, yara kuma sun jeru a ƙarƙashin bishiyar kwakwa suna kallon ikon Allah. Tun daga ranar, lokacin da matuƙi ya faɗa shi ne lokaci.

Ka sauke jadawalin tashar da ta fi kusa da tsibirin, ka rubuta lokutan cika na kowace rana a takarda, sannan ka nuna wa matuƙi ya gyara maka, domin cikin tafki ruwan yakan yi jinkiri a kan abin da jadawali ya ce. Ka tsara isowa da tashi su faɗo kusa da cika.

7. Hawa kwalekwale

Kafin a kunna inji ka duba abu huɗu da idonka: rigar ceto ga kowane mutum, jarkar mai ta ajiya, filafili ko sandar tuƙi, da anga mai igiya. Ka tambayi matuƙi yadda zai nemi taimako in injin ya mutu. In babu rigunan ceto, ko an yi lodin da bakin kwalekwalen ya kusa shafar ruwa, ka haƙura ka jira na gaba, ko da za a ce ka cika tsoro. Ka sa rigar ka ɗaure ta tun a tasha, domin wadda aka zauna a kanta ba ta ceton kowa.

Safiya ta fi yamma, saboda iska takan tashi bayan azahar. Wanda teku ke sa wa jiri ya sha magani kafin a tashi, ya zauna wajen baya inda tsalle ya fi sauƙi, ya kafa ido a kan inda sama ta haɗu da ruwa. Lokacin ratsa ƙofa kowa ya zauna, ba tashi ɗaukar hoto. Kuma wani a babban gari ya san inda ka nufa da ranar da ya kamata ya ji daga gare ka.

8. Neman iso a ƙauye

Da ka sauka, ƙauye za ka fara nufa, komai kyan da ruwan ya yi maka. Tun a cikin kwalekwale ka rufe kafaɗa da gwiwa. Mai masaukinka ya shige gaba, kai kana biye, ya kai ka wurin wanda ya kamata a fara gaisarwa.

Kowane tsibiri da tsarinsa, kuma mai masauki ne zai karanta maka na wurin. A Fiji ana kiran wannan gaisuwa sevusevu: baƙo yana kawo damin busasshen saiwar kava, wani tsiro da ake jiƙa saiwarsa a yi abin sha na gargajiya, kimanin rabin kilo, wanda ake saye a kasuwar babban gari, wakilin gari da ake kira turaga ni koro ya miƙa wa basarake a madadinsa. In an karɓa, ka zama baƙon gari duka. A can ba a yawo da hula a cikin ƙauye, ba a maƙala tabarau a ka, ba a taɓa kan kowa ko da yaro ne, kuma ana cire takalmi a ƙofar ɗaki. Za a iya miƙo maka ƙoƙon kava. In ba ka sha, ka faɗa wa mai masauki tun kafin a zauna, shi ya san yadda zai ba da uzurinka ba tare da an ji wani iri ba.

A Samowa ƙauyuka da yawa suna da lokacin addu'ar yamma da ake kira sa, tsakanin ƙarfe shida da bakwai. Ana kaɗa ƙararrawa ko a busa ƙaton katantanwa, kowa ya tsaya na minti 10 zuwa 20. In ya same ka a hanya ka nemi wuri ka zauna shiru har a buga alamar ƙarewa. A ɗakin taro kuma a zaune ake magana, ba a miƙe ƙafa a nuna mutane da ita. A Maldibs, inda aka ba mazauna tsibirai damar buɗe masaukan baƙi tun 2009, babu giya a tsibiran da jama'a ke zaune, kuma akan keɓe wani yanki na gaɓa ga masu kayan ninkaya irin na Turawa.

A zaman gaisuwar nan ne za ka yi tambayoyin da ba taswirar da za ta amsa maka: ina ne aka yarda a yi wanka, ina ne aka hana, ina maƙabarta ko wurin da ake girmamawa, akwai kada. Tambayar ƙarshen ba wasa ba ce, domin kadan ruwan gishiri yana nan a Tsibiran Solomon da Fafuwa Niyu Gini da sassan Indunusiya, musamman kusa da bakin kogi da dazukan da ke cikin ruwa. Ƙauyuka da yawa kuma suna rufe wani sashe na tafki don kifi ya hayayyafa, abin da ake kira tabu a Fiji, ra'ui a Tsibiran Kuk. Alamarsa wani lokaci sanda ce kawai aka kafa da ganyen kwakwa a kai, baƙo zai wuce bai san ya keta doka ba.

Gargaɗi: kada ka ɗauki hoton mutum sai ka tambaya, na yaro kuma sai ka tambayi iyayensa. Kyamara mai tashi sama tana buƙatar izini biyu, na hukuma da na gari. Kada ka raba wa yara alewa ko kuɗi a hanya. In kana da abin bayarwa, ka miƙa wa shugaban makaranta ko shugaban gari a gaban mai masaukinka.

9. Shiga ruwa

Kafin ka jiƙa ƙafa ka tsaya a tudu ka gano inda ƙofa take. Za ka ga farin kumfa a jere a kan katangar murjani, sai wani wuri layin ya yanke, ruwan wurin ya yi duhu ya kwanta kamar ya fi ko'ina lafiya. Wurin nan shi ne mafi haɗari a tafkin duka. Duk ruwan da igiyoyi suka watso ciki ta kan katanga, da wanda cika ta shigo da shi, ta wannan ƙofa yake komawa teku, kuma in ana janyewa yana gudu kamar kogi. Ƙarfinsa yana kaiwa maƙura a awa ta uku da ta huɗu bayan cika, domin a waɗannan awa biyu ne kusan rabin ruwan ke fita. A Samowa ana kiran ƙofar ava, kuma ita ce abin da ake fara ja wa baƙo kunne a kai.

Lokacin da ya fi dacewa da wanka shi ne sa'ad da ruwa ke cikowa, zuwa ɗan tsayawar da yake yi a ƙarshen cika. Ka jefa ganye a ruwa ka ga inda ya nufa, ka fara ninkaya kana fuskantar inda ruwan ke fitowa, don in ka gaji ya dawo da kai. Ka zaɓi wata bishiya a gaɓa ka riƙa ɗago kai kana duba ta, saboda mai kallon kifi ta tabarau ba ya sanin ya yi nisa. Kada ka shiga kai kaɗai, kuma wanda bai iya ruwa sosai ba ya sa rigar ceto ko da ruwan iya ƙirji ne.

In ka ji ruwa yana jan ka, kada ka yi kokawa da shi kai tsaye, ƙarfinka ne zai ƙare. Ka kwanta a bayanka ka yi iyo, ka ɗaga hannu a gan ka, ka riƙa kurɗawa gefe har ka fita daga bakin jan.

A wurin yashi ka riƙa jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa, don kifin nan mai faɗi kamar faifai, mai ƙaya a wutsiya, ya ji motsinka ya gudu. Kada ka tsaya a kan murjani: halitta ce mai rai, wasu nau'o'inta santimita ɗaya ko biyu suke ƙaruwa a shekara, kuma tana yanka kamar reza. Kada ka zura hannu a rami. Katantanwa mai siffar mazurari da zane mai kyau a jiki, ka bar ta inda take, domin tana harbi kuma dafin wasu yana kisa.

Rana kuma ba ta jin baƙin fata. Daga ƙarfe goma zuwa huɗu ka nemi inuwa, ka sake shafa mai duk bayan awa biyu da kuma bayan fitowa daga ruwa. Inuwar ma ka ɗaga kai ka duba, kada ka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin kwakwa mai 'ya'ya.

Gargaɗi: janyewar teku ta yau da kullum a hankali take, cikin awoyi. In ƙasa ta girgiza da ƙarfi ko ta daɗe tana rawa, ko ka ga ruwa ya zuƙe baya cikin mintoci, ka bar komai ka hau tudu, kada ka jira sanarwa. Haka ta faru a tekun Indiya ranar 26 ga Disamban 2004, da kudancin Samowa ranar 29 ga Satumban 2009, inda igiyar ta iso ƙauyukan gaɓa mintoci kaɗan bayan girgizar. Ranar da ka iso ka tambayi hanyar tudu, ka taka ta sau ɗaya da rana.

10. In an ji rauni

Yankan murjani, komai ƙanƙantarsa, a wanke shi nan take da ruwa mai tsabta da sabulu, a goge ɓurɓushin da ya maƙale, a sa magani, domin a wuri mai zafi da laima yana saurin ruruwa. Wanda ya taka kifin dutse, wato kifi mai dafi da ke kama da dutse, ko kifin faifai ya soke shi, ko ƙayar bushiyar teku ta shige shi, a tsoma wurin a ruwan zafi gwargwadon yadda lafiyayyen hannu zai jure, kada ya wuce digiri 45, na minti 30 zuwa 90, sannan a nufi asibiti. Harbin halittar nan mai yauƙi da dogayen zare, musamman mai siffar akwati, ana kwarara masa ruwan khal na aƙalla daƙiƙa 30, ba a murzawa, ba a zuba ruwan sha. In numfashi ya fara wuya, kwalekwale za a nema ba tare da ɓata lokaci ba.

11. Ci da sha da kwana

Ruwan ƙauyen tsibiri yawanci na sama ne da aka tara a tanki, kuma shi ne na shan gari duka har damina ta dawo. Bokiti ɗaya ya ishe ka wanka. Na sha kuma ka tafasa ko ka tace.

In akwai abin da ba ka ci, ka faɗa tun kafin a ɗora tukunya. Game da kifi, ka bi zaɓin masunta. Akwai wani dafi da ake kira sigwatera da ke taruwa a jikin manyan kifayen da ke farauta a katangar murjani, irin su barakuda, ba ya da wari ko ɗanɗano, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Mutanen gari sun san nau'in da suke gudu da ɓangaren da ba sa kamawa. Da magariba ƙananan ƙwari masu cizo suna fitowa daga yashi, lokacin dogon wando ke nan. Wutar lantarki in akwai ta, ta hasken rana ce ko ta janareta na 'yan awoyi, sai ka nemi izini kafin ka jona waya.

12. Sallama da komawa

Daren da za ka tafi ka sake tabbatar da lokacin tashi da matuƙi, ka biya duk abin da ake bin ka a hannun wanda ya dace, ka koma wurin shugaban da ya karɓe ka ka yi masa sallama. Robobi da gwangwani da batir duk su koma buhunka, domin ƙaramin tsibiri ba shi da inda zai kai su sai wuta ko teku.

Kada ka ɗauko murjani, ko ɓawon ƙaton kawa, ko wani abu da aka yi da ƙoƙon kunkurun teku, ko da a yashe ka tsince shi ko an sayar maka. Yarjejeniyar CITES, wato ta ƙasashen duniya kan cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta hana ƙetare iyaka da su ba da takarda ba, kuma jami'an kwastan suna ƙwacewa, wani lokaci har da tara. Tabarma da kwando da abin da aka sassaƙa a garin su ne tsarabar da kuɗinta ke zama a hannun masu wurin, sai dai ka bayyana su a filin jirgi in ƙasar da za ka shiga tana binciken kayan itace da ganye.

In ka yi alkawarin aiko da hotuna, ka karɓi lambar wanda zai karɓa ka aika a makon farko. In kuma zazzaɓi ya kama ka bayan dawowa, ko wani yanka ya ƙi warkewa, ka je asibiti da wuri, ka faɗa wa likita sunan tsibirin da ranakun da ka yi a can, har da cewa raunin a ruwan teku ka same shi.